Rigar da Ta Dawo a Jiƙe

Mijina ladan ne, kuma manomin rogo. Idan aka tambaye ni abin da ya kashe shi, nakan ce cuta ce da ta fito daga aladen daji, kuma ba na rage murya. Wasu su sunkuyar da kai, wasu su yi saurin cewa Allah ya jiƙansa don in yi shiru. Sai in amsa da amin, in ƙarasa maganata.

Daga Tsaskiya ta ƙasar Safana aka kai ni ƙauyensu, a ƙasar Batsari, can kusa da Darini. Uwata ta rasu tun ban san fuskarta ba, saboda haka da na shiga gidan na tarar da uwar mijina, sai na riƙe ta da hannu biyu. Inna muke ce mata. Ita kuma ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "'yar Tsaskiya". Matan unguwa sun sha gulmarmu, wai ina aka taɓa ganin suruka da matar ɗanta suna sa hannu a ƙwarya ɗaya. Inna ta ce su mutu da baƙin ciki. Ita ta koya mani daddawa, tun daga dafa kalwa har shanya. Tana zaune bisa turmin da aka kifa, ƙafafunta a miƙe, tana kallon yadda nake daka, tana cewa hannun mutanen Safana ragon hannu ne. In ce mata ta tashi ta karɓi taɓaryar mu gani. Ta ce ita ta gama nata tun ba a haife ni ba. Haka muka yi shekaru. Na haifi 'ya'ya mata biyu a ɗakin nan, ita ta yi mani wankan jego, ita ta tsaya har aka kai su ɗakunan mazajensu.

Sai ƙanen mijina, autan Inna. Magidanci ne da matarsa da 'ya'yansa a sashen da ke bayan namu, amma a bakina Auta yake har gobe. Bai taɓa shigowa gidan ya wuce ni ba tare da tsokana ba.

"Matata, me kika ajiye mani? Ko duk kin ba tsohon?"

"Na ajiye maka wanke-wanke. Ga shi can."

Gonarsu tana fadama, a bakin daji. Akwai rijiya a tsakiyarta, ba mai zurfi ba, wadda duk masu fadamar ke sha, su yi alwala, su ja ruwan ban-ruwa da rani. Fulani ma a nan suke shayar da shanu. Nakan kai abinci can wani lokaci. Har yau in na rufe ido ina ganin ganyen rogon nan yana kaɗawa, da sanyin ƙasar a tafin ƙafa, da mijina a duƙe, ya ɗaure rigarsa a ƙugu. Aladun daji kuwa tun kakanni suke fitowa su tone rogo da dankali. Ba a ma son kiran sunansu. Mugun dawa ake cewa, a tofar da yawu.

A ranin shekarar da nake ba da labari, wata rana mijina ya dawo kafin la'asar da rigarsa sharkaf, tana ɗiga. Wandon ma haka. Sararin sama kuwa ko ɗigon girgije babu.

"Malam, ruwa aka yi a fadama aka manta da gari?"

"Ajiye abincin nan tukuna. Zan ƙara wanka."

"Wane wanka kuma, bayan wanda ka yi da riga a jikinka?"

Ya ɗauki bokiti ya shiga bayan gida. Da ya fito ya zauna a bakin ƙofar ɗakina, ya leƙa ya ga Inna ta shiga nata, sannan ya gaya mani. Ya ce mugayen dawa sun fara mutuwa da kansu. Ba wanda ya harbe su, ba tarko. Sai su fito daga daji suna tangaɗi, majina na zuba, su zo bakin rijiya su faɗi. Ya ce in aka bar su a nan suka ruɓe, ruwan kowa ya ɓaci. Shi da wasu daga cikin masu fadamar, waɗanda ya ambata mani sunayensu, suka kama ƙafafun mushen da hannu, suka ja shi nesa, suka haƙa rami suka binne. Sannan kowa ya wanke jikinsa da tufafinsa da ƙasa da ruwa, wanki bayan wanki, yadda aka koya mana a fitar da najasa.

Na ce, "To ai aikin lada kuka yi."

Ya ce, "Ke kika san haka. Ki riƙe mani wannan, ko Inna kada ta ji."

Na san abin da yake tsoro. Shekarun baya an taɓa zargin wani mutum a ƙauyen da ke gaba da mu da cewa yana harbe aladun yana sayar wa baƙi masu zuwa da mota. Ba wanda ya gani da idonsa. Amma daga ranar aka daina ba shi hannu a masallaci, 'ya'yansa mata suka tsufa a gida. Shi ya sa masu fadama suka haɗa baki cewa ba mai faɗa. Mijina ya ce, "Ladan da aka ce ya taɓa wannan abu, wa zai amsa kiransa?"

Dariya na yi a ranar. Na ce mashi ya matsa can kada ya shafa mani. Ya jefe ni da hularsa. Na shanya rigar a igiya, muka ci tuwo. Bayan nan ya dawo a jiƙe sau da dama, ban ƙara tambaya ba, sai dai in karɓi rigar in shanya.

Da zazzaɓi ya fara, da ciwon kai mai sa shi riƙe ƙeya. Muka ce sauro ne, aka sayo magani. Sai barci ya kama shi, irin barcin da kana tashinsa yana komawa. Wata safiya ya buɗe ido ya dube ni ya gaishe ni kamar baƙuwa, ya tambaye ni ko na zo lafiya. Auta ya ɗauko babur, aka sa shi a tsakiya, aka kai shi asibitin Batsari. Sun yi iyakar ƙoƙarinsu, ba zan ɗora masu komai ba. Jijjiga ta zo mashi, daga ita bai sake magana ba. Ranar da aka dawo da gawarsa, wani ne ya kira azahar, muryarsa siririya, ya yi ta sauri kamar ana korarsa. Ni da Inna muna zaune a tabarma ɗaya, ta riƙe hannuna har aka idar.

Ba shi kaɗai ba ne. Kafin a share makokinsa wani ya kwanta, sannan wani. Duk maza ne, duk majiya ƙarfi, duk masu fadama. Aka ce sanƙarau ne. Aka ce iskokin rijiyar ne suka fusata. Aka ce shanun Fulani ne suka kawo, har wasu suka fara maganar a hana su ruwa. Sai ga ma'aikatan lafiya daga Katsina da motarsu da akwatunan ƙanƙara. Suka ɗebi jinin marasa lafiya, suka ɗebi na shanu da awaki da kaji, suka ɗebi ruwan rijiyar. Suka tara maza a ƙofar gidan mai gari suna tambaya: wace dabba kuka taɓa, wace dabba kuka yanka, kun ga wani abu ya mutu? Maza suka ce shanu, awaki, jaki. Wani ya ce ya ga mushen kurciya. Mutanen da suka ja aladun da hannunsu suna zaune a wurin, suna kallon ƙasa. Ma'aikatan suka tafi, suka dawo, suka ce ba sanƙarau ba ne, kuma ba su ga komai a jinin dabbobin gida ba. Sun san akwai abin da ke kashe mutane, ba su san ta ina yake shigowa ba.

Ni ina cikin takaba, ba na fita. Labari sai dai ya same ni a tsakar gida. Kuma gaskiya ban haɗa ciwon da aladun ba da farko. A kaina an wanke, an yi tsarki, magana ta ƙare. Haka duk muka ɗauka.

Sai wata rana da hantsi, ina tsince kalwa a faifai, Auta ya shigo gaishe da Inna. Shi ya karɓi gonar bayan yayansa. Na ɗaga ido na ga rigarsa a jiƙe, tana ɗiga a ƙasa, ta manne mashi a baya. A take na fara lissafa waɗanda suka mutu a zuciyata, na ga ba ko ɗaya a cikinsu da mijina bai ambata ba a ranar nan ta farko.

Na tare shi a zaure.

"Auta, tsaya. Me ya jiƙa ka?"

"Zafi ne, matata. Na watsa ruwa."

"Da wando da hula? Kada ka raina mani hankali. Guda nawa ka ja yau?"

Fuskarsa ta canza. Ya dubi ƙofa. "Wa ya gaya maki?"

"Wanda ya riga ka ja. Yana ina yanzu?"

"Na wanke da ƙasa."

"Shi ma ya wanke da ƙasa. Ni na shanya rigar."

Ya yi ƙoƙarin mayar da abin wasa. Ya ce in dai gadonsa nake tsoron rasawa, in kwantar da hankalina, yana nan sai ya aure ni. Ban yi dariya ba. Ya ce, "To in bar su su ruɓe a rijiya? Yara na sha." Na ce ya je ya gaya wa mutanen Katsina. Ya ce in ya faɗa, ya tona kowa, rayayyu da matattu, har da ɗan'uwansa da ba ya nan balle ya kare kansa. Ya ce gobe ma in wani ya faɗi a bakin rijiya, zai ja. Ya fita, ya bar sawun ruwa a zauren.

Washegari malamar asibiti ta shigo gidanmu. A cikin ma'aikatan ita ce mace, ita ke shiga wurin matan da aka mutu aka bari. Doguwa ce, mai sanyin magana. Ta yi mana ta'aziyya, ta gaishe da Inna a durƙushe, aka shimfiɗa mata tabarma. Ta ce ta san ba lokacin tambaya ba ne, amma mutane na mutuwa. Ta ce in tuna mata kwanakin kafin ya kwanta: me ya ci, ina ya je, akwai abin da ya canza?

Inna ta amsa a madadina. "Ɗana daga masallaci sai gona. Ba ya cin abin kasuwa, ba ya zaman banza."

Malamar ta ce, "Haka kowa ya shaide shi, Inna." Sai ta juyo gare ni. "Ke fa, baiwar Allah? Mata kan ga abin da ba a gani."

Na dubi igiyar shanya. Na ce, "Yana dawowa da riga a jiƙe."

"A jiƙe da me?"

"Da ruwan tsarki. Aladun daji ne ke mutuwa a bakin rijiyar fadama. Shi da sauran suke jan mushen da hannu suna binnewa. Duk waɗanda kuka ɗauka zuwa asibiti sun ja. Jiya ma ƙanensa ya ja."

Inna ta ce, "'Yar Tsaskiya." A hankali ta faɗa, kamar tana tashina daga barci. "Baƙin ciki ne ke sa ki sambatu. Malama, kada ki saurare ta."

"Ba sambatu nake ba, Inna. Da bakinsa ya gaya mani."

"Ya ce ki faɗa?"

"Ya ce in riƙe."

"To?"

"Ɗaya ya tafi. Ba zan zauna in shanya rigar na biyu ba."

Inna ta ce, "Ɗana ya kwanta da sunansa mai tsabta, kin bi shi kabari kin shafa mashi ƙazanta." Ta dafa bango ta tashi, ta shiga ɗaki, ta saki labule. Maganar ƙarshe ke nan da ta yi mani baki da baki.

Malamar ba ta ce na kyauta ba, ba ta ce ban kyauta ba. Ta tambaye ni wajen da aka binne su, na ce ban sani ba, Auta ya sani. Kafin azahar motar ta nufi fadama. An ce da ƙyar ya nuna masu, yana tafe yana zagina. Suka sa fararen kaya har fuska, suka tone, suka yanki abin da za su yanka, suka samu wani sabon mushe a cikin ciyawa suka ɗebi jininsa. Aka kewaye rijiyar da ƙaya. Aka ce duk wanda ya ga mushe kada ya taɓa, ya zo ya faɗa, su za su ƙone shi. Sai a lokacin sauran mazan suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya suna cewa su ma sun ja.

An daɗe ana jiran sakamako, don an ce sai da aka aika da jinin nesa. Da ya zo, malamar ta sake shigowa ta same ni. Ta ce sun ga ƙwayar cuta iri ɗaya a jinin aladun da jinin mutanen. Ta ce ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ko madubin gwaji na asibitin Batsari ba ya nuna ta. Tana cikin jini da yawu da majinar dabbar, tana shiga ta tsagar hannu, ta hanci, ta ido. Na ce to wankan fa? Ta ce kafin a kai ga wankan ta riga ta shiga. Na ce akwai maganinta? Ta ce babu, sai dai jinya da taimakon Allah, amma wanda aka kawo da wuri ya fi samun dama, kuma yanzu an san abin da za a guje wa.

Auta ya kwanta, kamar yadda na ji tsoro. Amma suna sa mashi ido tun ranar da na yi magana, zazzaɓin na farawa suka ɗauke shi. Ya daɗe a can. Ya dawo a rame, hannunsa na dama yana rawa, har yau bai daina ba. Bayansa ba a sake binne kowa da wannan ciwo a ƙauyen ba.

Cutar tana da sunanta na Turanci, ma'aikatan sun faɗa a ƙofar mai gari. Ba wanda ya riƙe shi. Ciwon ladan, haka mutane suka sa mata. Aka kai sunan kasuwar Batsari, aka kai Yasore, har Safana na same shi yana jirana. Aka ƙi sayen rogon ƙauyen a shekarar. Wasu suka ƙara da cewa ai da ma sayarwa yake yi. Abin da Inna ta hango ke nan, kuma ba ta yi kuskure ba. Mutumin da ya yi shekaru yana tashin gari sallar asuba, abin da ya rage a bakin mutane shi ne wannan. Duk wanda ya faɗa a gabana sai na tsayar da shi na gaya mashi cewa ruwan da 'ya'yansu ke sha ya je tsarewa. Wasu su ji, wasu su ce matar nan ba ta da kunya. Ba ni da ita ɗin.

Na ƙarasa takaba a gidan. Ina dafa abinci in ajiye a ƙofar ɗakinta, matar Auta ta ɗauka ta shigar. In na gaishe ta, sai ta amsa wa bango. Ranar da na fita takaba na ɗaure kayana. Na tsaya a bakin labulenta na ce, "Inna, zan tafi. Ki yafe mani abin da ya ɓata maki rai." Ban ce na yi kuskure ba, don ban yi ba. Na ji motsinta a ciki, na ji ta jawo numfashi. Na jira. Mai babur ya yi ta danna ƙaho a waje har na fita.

Na koma Tsaskiya wurin yayana, daga baya na dawo cikin Safana, ina sayar da daddawa. A nan na shiga ajin manya da yamma, da furfurata, ina zama da matan da na girmi iyayensu. Da aka zo darasin tsabta, malamarmu ta zana ƙwayar cuta a allo, wani ɗan ƙwallo mai ƙayoyi. Na daɗe ina kallonsa. Na ce a raina, ashe kai ne. Ban ji haushinsa yadda na zata ba. Abin da na ji shi ne ina ma a ce mijina yana nan in koma gida in zana mashi a ƙasa, in ce Malam ga abin da ka kasa wankewa, ya jefe ni da hula.

Ba na zuwa ƙauyen. Fadamar ma yanzu ba kullum ake iya shiga ba, saboda halin da dajin ya shiga. Amma Auta yakan biyo ta wurina in ya shigo Safana. Ya daɗe yana fushi da ni, sai wata rana kawai na gan shi tsaye a kan tirena yana cewa, "Matata, tsufa ya kama ki, na fasa." Na ce ya fara riƙe kofi ba tare da ya zubar ba tukuna. Tun daga nan, duk zuwansa sai na ƙulla daddawa a leda na ba shi ya kai wa Inna. Ba ta taɓa maido ta ba, ba ta taɓa aiko da godiya ba. Nakan tambaye shi ko tana ambatona. Ya ce a'a. Ba ya yi mani ƙarya, shi ya sa nake tambayarsa.

Zuwansa na bayan nan, ya ce ta tsufa ƙwarai, idonta ya tafi, ba ta fita ko tsakar gida sai an riƙe ta. Na miƙa mashi ƙullin. Ya karɓa da hannun hagu, ya tsaya yana juya shi.

"Ta yi magana a kan ta wancan karon," in ji shi.

"Me ta ce?"

"Ta murza ta a yatsa, ta sunsuna. Ta ce ba ta daku ba. Ta ce 'yar Tsaskiya har yau ragon hannu gare ta."

"Haka ta ce? 'Yar Tsaskiya?"

"Haka ta ce."

Na karɓe ƙullin daga hannunsa. Ya ce lafiya? Na ce ya je ya gama cefanensa ya dawo. Na bar wa maƙwabciyata tiren, na koma gida, na juye daddawar a turmi, na ɗauki taɓarya.